Baba Bitrus, Mai Ƙwanƙwasawa Kafin Ya Rufe

A daren wata Talata cikin markar bana, jim kaɗan bayan an idar da sallar isha'i, mutanen gidan Hajiya Hadiza da ke Tarauni suka ji wani sauti a saman ɗakinta wanda ba su taɓa jin irinsa ba. Ana yayyafi, amma ba ƙarar ruwa a kan kwano ba ce. Ba kuma ɓera ba ne, don shi ɓera gudu yake yi, ya tsaya, ya sake gudu. Wannan karta ce, kamar ana jan dakusasshen zarto a jikin langa-langa, sai a dakata, sai kuka ya biyo baya, irin na jaririn da muryarsa ta dushe. An ɗauke wuta tun la'asar. Hajiya ta kwashe jikokinta ta fito baranda tana karanta duk abin da ya zo bakinta, ta aika a kira maƙwabcinta, Malam Lawan mai shayi.

Wannan sauti shi ya kawo ƙarshen aikin shekara arba'in da ɗaya. Kafin dai a kai ga abin da aka tarar a saman ɗakin, ya kamata a san mutumin da ya buga ƙusoshin da ke wurin da safiyar ranar.

Duk wanda ya saba bin lungunan Gyaɗi-Gyaɗi da sassafe ya san wata 'yar rumfar kwano da ke manne da teburin shayin Malam Lawan. Ƙarfe bakwai bai taɓa yi ba tare da Baba Bitrus mai fitila ya iso ya buɗe ta ba, in dai ba Lahadi ba ce. Yakan jingine kekensa, ya shimfiɗa buhu, ya fito da kayan aiki ɗaya bayan ɗaya yana goge kowanne da tsumma mai ɗan mai: filaya uku, sukundireba biyar, 'yar guduma mai ƙotar da hannu ya cinye har ta yi santsi, magagari, almakashin yanka kwano, da ƙarfen liƙi da dalmarsa. Sai ya zuba wa kyanwarsa abinci a murfin wata tsohuwar langa. Sunan kyanwar Lagwani, saboda siririyar wutsiyarta mai baƙin kai. Sai ta ci sannan yake karɓar shayinsa.

"Injiniya ya iso! A gyara hanya!" Malam Lawan kan faɗa.

"Zubo ruwan bununka, Malam, ka bar surutu. Jiya ma sukari leƙa kofin ya yi ya wuce."

Haka suke gaisawa tun suna da baƙin gashi.

Daga wani ƙauye kusa da Zonkwa ya zo Kano yana saurayi, ya koyi liƙi a hannun wani tsoho a Sabon Gari, ya kafa rumfarsa a lokacin da babu gidan da ba a kunna fitilar ƙwai. Da fitila ya fara, har ta zama sunansa. Amma wanda ya iya fitila sai a kawo masa risho, wanda ya iya risho sai a ce ya zo ya duba sakata, daga sakata sai famfo, daga famfo sai indararo da silin. A hankali ya zama mutumin da ake kira in wani abu ya karye a gida, ƙanƙanin da kafinta zai raina, babban da mai gida ba zai iya ba.

Abin mamaki game da shi, da kunne yake aiki. In aka kawo masa fitila, ba ya fara kwance ta. Kunna ta yake yi ya kara kunne ya lumshe ido. A wurinsa kowace fitila da muryarta. Fitilar ƙwai mai lafiya ba ta magana. In ta fara 'yar tsuwa, to kananzir ɗin ya haɗu da ruwa. Fitilar gas, wadda ake yi wa famfo, huci take yi kamar mai barci mai daɗi. In hucin ya koma shessheƙa, hanyar mai ta toshe. Aci-balbal kuwa, yakan ce ita ce kaɗai fitilar da ke dariya. Akwai waɗanda suka zauna suka kasa kunne don su ji wannan dariya. Wasu sun ce sun ji.

A bayan rumfar akwai wata kanta da ya jera fitilun da masu su suka kawo gyara ba su dawo ba. Wasu sun tashi daga unguwar, wasu sun rasu, wasu sun sayi ta caji sun manta. Bai yar da ko ɗaya ba. Kowace yamma kafin ya tashi yakan sauko da guda ya kunna ta na ɗan lokaci, ya kashe, ya mayar. In an tambaye shi dalili sai ya ce, "Don kada ta manta aikinta." Ya san sunan mai kowace ɗaya.

Shekarar da injin wutar unguwa ya ƙone aka yi mako bakwai cikin duhu, mutane suka shiga tone ƙarƙashin gado da bayan ɗaki suna zaƙulo fitilun iyayensu. Layi aka yi a rumfarsa. Da lagwani ya ƙare a kasuwa, sai ya yanka wani tsohon bargonsa na auduga ya yi ta murzawa. Masu awara da masu ƙosai na bakin titi da fitilunsa suka ci kasuwar dare a wannan lokaci, 'yan makaranta kuma da su suka yi karatun jarrabawa. Wasunsu yanzu suna wucewa ta gaban rumfar a mota.

Haka kuma yake da dabba. Ba likita ba ne, bai kuma taɓa cewa shi ne ba, amma Chukwuka mai shagon fenti yana nan da rai, a tambaye shi wa ya zare wa karensa ƙashin kifi daga maƙogwaro da filaya mai dogon baki, yana yi yana lallashinsa da yaren garinsu. Masu kiwon tattabaru na Daurawa sun san wanda ke ɗaure karyayyar ƙafa da tsinken tsintsiya da zare. Matan da ke kiwon 'yan tsaki a gida kuwa shi ya koya musu yadda ake rage lagwani a ajiye fitila a gefen kwali, nesa kaɗan, yadda ɗumi zai isa hayaƙi bai isa ba.

Sai dai abin da aka fi saninsa da shi, wanda har yara ke kwaikwayo, shi ne bai taɓa rufe rami ba sai ya ƙwanƙwasa. Ko ɓulin bango ne, ko kafar silin, ko bakin bututu, sai ya buga sau uku da ƙotar guduma, ya kara kunne, ya jira. Daga mahaifiyarsa ya gada. Ya ce a garinsu in za ta liƙe bakin rumbu da laka, sai ta bubbuga jikinsa ta saurara, don wata shekara ta taɓa liƙe kaza a ciki tana kwanci.

"Ramin da kake gani ba kowa, ɗakin wani ne," yakan ce. "Ba ka rufe wa mutum ƙofa ba ka yi sallama ba."

An sha yi masa dariya a kan haka. Wani mai makaranta a Tarauni ya kira shi ya toshe wata kafa a ƙarƙashin rufin aji. Ya hau, ya buga, ya saurara, ya sauko da gudumarsa. Ya ce akwai 'yan tsuntsaye a ciki, sai nan da kwana goma sha biyu. Mai makarantar ya yi faɗa, ya ce zai kira wani. Baba Bitrus ya ce to, ya hau kekensa. Ran kwana na goma sha biyu ya dawo ba a kira shi ba, ya tarar ba a kira wanin ba, sheƙa kuma ta zama fayau. Ya rufe.

Kai ne wannan, Baba Bitrus. Mai sallama ga rami. Kai ne wanda guduma ke jira sai kunne ya ba ta izini.

To, kunnen nan ne ya fara tafiya. Tun shekara biyu da suka wuce ya lura fitilar gas ta daina yi masa huci sai ya matso da ita dab da kumatunsa. Bai gaya wa kowa ba. Ya koyi kallon leɓen mutane. Ya koyi ɗora yatsa a jikin fitila don ya ji da fata abin da a da yake ji da kunne. Ya ci gaba da ƙwanƙwasawa sau uku yana kara kunne kamar kullum, yana gaya wa kansa cewa in akwai wani abu ai zai ji. Tsoronsa ɗaya ne: ranar da aka gane, ranar za a daina kiransa, shi kuwa bai san yadda ake wayar gari ba a buɗe rumfa ba.

'Yarsa Rahila, wadda ke koyarwa a wata firamare, ta gane. Ta kai shi asibiti, aka duba aka ce na tsufa ne da kuma ƙarar guduma a kan kwano ta shekara da shekaru.

"Baba, ka huta haka nan. Ɗakinka na ƙauye yana nan, ɗan'uwana Joshua ya sake masa rufi. Ka je ka zauna cikin 'yan'uwanka."

"Na ji."

"Ba ka ji ba, Baba. Bakina kake kallo."

Malam Lawan ma ya gane. Abin da ya yi kawai, ya matsar da bencinsa zuwa hagun rumfar, ɓangaren kunnen da ke da sauran dama, ya kuma ƙara wa tsokanarsa murya har masu shan shayi suka fara cewa tsufa ya mai da Malam mai ihu. Ya bar su suna faɗa.

Shi ne kuma ya haɗa shi da aikin gidan Hajiya Hadiza. Iska ta ɗage wani falle a kusurwar rufinta, feshin ruwa na shiga yana jiƙa silin. Da safiyar Talatar nan Baba Bitrus ya kafa tsani ya hau, ya buga sau uku, ya kara kunne. Shiru. Ya yanka kwano ya rufe kafar, ya bi ta da ƙusa tsaf, aiki mai kyau irin nasa. Hajiya ta ambata masa a wucewa cewa kyanwarta mai ciki ta kwana uku ba ta zama a gida, ta zo ta ci ta ɓace. Ta faɗa ne yana naɗe igiya, ya ba ta baya.

Da Malam Lawan ya shigo gidan a daren, shi ma ya ji kartar da kukan. Ya yi ta maza ya haska tocilan sama. Idanu biyu suka haska masa. Kyanwar Hajiya ce a kan sabon facin, jiƙe sharkaf, cikinta ya saɓe, tana kartar kwanon har farcenta na jini. Da ta yi shiru na ɗan lokaci, sai ya ji wata tsuwa siririya kamar zare, tana fitowa daga cikin silin.

Bai tsaya bayani ba. Ya fita ya tari A-daidaita-sahu zuwa Gyaɗi-Gyaɗi, ya yi ta dukan ƙofar abokinsa har maƙwabta suka fito kafin shi ya fito.

"Bitrus, ɗauko gudumarka. Kyanwar Hajiya ta haihu a cikin silin. Ka rufe su."

Sai da ya maimaita. Baba Bitrus ya tsaya yana kallon bakinsa. Sannan ya juya ya ɗauki guduma da filaya, ya ɗauki fitilar ƙwai ya kunna. Lawan ya ce ga tocila. Ya ce a'a, farin haske firgita dabba yake yi, kuma za a buƙaci ɗumi.

Mutum mai shekara saba'in da ɗoriya ya hau jiƙaƙƙen tsani cikin yayyafi, fitila rataye a hannu. Ya zare ƙusoshin da ya buga da safe ɗaya bayan ɗaya, kyanwar na tsaye a gefensa ba ta gudu ba. Da ya ɗaga kwanon ta kutsa ciki ta ɓace a duhu. Ya zura fitilar ya zura kansa. Katako ne ko'ina da yana da ƙura. Ya saurara. Ya juya ɗaya kunnen. Waɗanda ke ƙasa suna jin tsuwar rangaɗau, suna mamakin abin da yake jira.

Sai ya fito da kansa ya dubi ƙasa.

"Lawan."

"Na'am."

"Hawo ka ara mini kunnenka. Ba na jin su."

Shekara biyu ke nan yana ɓoye wannan magana, ya faɗe ta daga saman tsani a gaban mata da yara. Malam Lawan ya tuɓe takalmi ya naɗe babbar riga ya hau bayansa, shi da bai taɓa hawa abin da ya fi benci ba. Ya saurara, ya kama hannun abokinsa ya nuna masa dama, can bayan katako na biyu.

Huɗu ne. Uwar ta riga ta ɗauko ɗaya a baki. Baba Bitrus ya miƙa hannu ya kwaso sauran ya zuba a hularsa. A baranda ya sa aka kawo kwali da tsohon zane, ya rage lagwani ya ajiye fitilar a gefe, nesa kaɗan. Uku suka lalubi nono suka kama. Ta huɗun, wata 'yar fara mai ɗigon baƙi a goshi, ta yi sanyi. Ya ɗora ta a tafinsa kusa da ƙwan fitilar yana murza ta da babban yatsa, yana hura mata iskar bakinsa. Ya daɗe yana yi. Babu wanda ya iya ce masa ya bari. Da kansa ya daina, ya naɗe ta a tsummansa na goge kayan aiki.

"Baba Bitrus, kada ka sa wa ranka," in ji Hajiya, ta ɗaga murya yadda zai ji. "Kwananta ne ya ƙare. Ga uku Allah ya raya ta hannunka."

"Na ƙwanƙwasa, Hajiya. Allah ya sani na ƙwanƙwasa." Ya dubi tsumman da ke hannunsa. "Sun amsa. Ni ne ban ji ba."

"Ai 'yar kyanwa ce, Baba."

"Yau 'yar kyanwa ce. Gobe waya ce ke tartsatsi a cikin bango, ko tukunyar gas ke huci a ɗakin girki, in ce muku lafiya lau in tafi."

Ya koma ya hau ya mayar da kwanon, amma ya bar kafa daidai shigar kyanwa a inda feshi ba ya kaiwa. Washegari ya buɗe rumfa ƙarfe bakwai, ya goge kayan aikinsa kamar kullum, sai dai bai jera su a kan buhu ba. A akwati ya mayar da su. Ya aika wa Rahila cewa ta gaya wa Joshua a share ɗakin.

Babu wanda ya kore shi. Da ya so, da ya ci gaba shekara biyar ana kiransa, domin hannunsa bai yi rawa ba, idonsa kuma na zura zare a allura. Mutane da yawa sun riƙe kujera da sana'a bayan abin da ya sa aka ba su ya daɗe da barinsu, sun bar wasu suna kwasar ɓarnar. Shi 'yar kyanwa guda ta ishe shi hujja.

Makonnin nan da suka biyo baya ya yi su ne yana yawo a keke da fitilun kantarsa. Ya bi gidajen masu su ɗaya bayan ɗaya, daga Gyaɗi-Gyaɗi har Daurawa. Inda mai fitila ya rasu ya ba 'ya'yansa. Wata mata ta karɓi ta mahaifiyarta ta ga ɗaurin wayar da tsohuwar ta yi wa mariƙin da hannunta, ta zauna a dakali ta yi kuka. Lagwani za ta zauna wurin Malam Lawan, wanda ya rantse ba zai ba ta madara ba, an kuma riga an gan shi yana ba ta. Akwatin kayan aikin ma yana ƙarƙashin teburinsa. Baba Bitrus ya ce a ba duk wanda ya zo da niyyar koyo, namiji ko mace, da sharaɗi ɗaya, wanda kowa ya sani. Har yau akwatin na nan.

Baba Bitrus, ranar Asabar za ka hau mota. Wannan rubutu za ka iya karanta shi da ido, ba sai an ɗaga maka murya ba, shi ya sa aka rubuta. Mun gode. Mun gode da ƙofofin da suka daina kuka, da ɗakunan da suka daina yoyo, da hasken da ka murza mana daga bargonka. Kai ne ka shiga gidajenmu shekara arba'in da ɗaya, na Musulmi da na Kirista, har ɗakunan da baƙo ba ya shiga, ba a taɓa jin maganar gidan wani a bakinka ba. Mun gode da daren da ka zare ƙusarka da hannunka. Allah ya ba ka lafiya da hutu mai daɗi, ya sa ka tarar da mutanen gida lafiya.

Ku kuma masu guduma da masu cokalin gini, da ma masu biro da hatimi, duk wanda aikinsa ya ƙunshi rufe wani abu, ga abin koyi. Bugu uku ne da ɗan jira. Ba ya cin lokaci. In kuma kunnen ya gaza, a nemi aron na wani tun kafin a buga ƙusa.

Jiya da yamma Hajiya Hadiza ta zo rumfar sallama, ta kawo masa dambun nama da labarin cewa 'yan kyanwa sun buɗe ido har sun fara hawa labule. Yana zaune ya ba titi baya, yana kunna fitila ta ƙarshe da ta rage, tasa ta kansa. A tsallaken lungun wani kafinta na kan tsani yana rufe ƙarƙashin rufin wani shago, guduma na tashi ba tsayawa. Hajiya ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta juyo ga masu zaune a benci.

"Malam Lawan, wancan kuwa ya ƙwanƙwasa kafin ya fara?"

Baba Bitrus bai ji ba, yana gyara lagwani. Malam Lawan ya ji, Chukwuka ya ji, duk wanda ke bencin ya ji. Dukansu kuwa sun ga lokacin da kafintan ya fara, ba bugu uku, ba jira. Malam Lawan ya ci gaba da juya cokali a kofi.